Ci Gaban Mai Haƙan Rijiya: Ibrahim Mahama da Tsofaffin Buhunan Gana

Layin dogo bai taɓa zuwa Tamale ba. Turawan Ingila sun fara shimfiɗa shi daga Sekondi, a bakin teku, a 1898. Ya kai Tarkwa mai zinariya a 1901, ya shiga Kumasi a 1903, daga nan ya ja birki. Yau shekara ɗari da ashirin da 'yan kai ke nan gwamnati bayan gwamnati tana alkawarin za ta miƙa shi zuwa arewacin Gana, amma shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Duk da haka, wanda ya leƙa bayan garin Tamale yau zai tarar da kan jirgi da taragai a girke a kan jar ƙasa, ga tsofaffin jiragen sama a gefe, yara 'yan makaranta suna shiga suna fita. Ba gwamnati ce ta kai su ba. Mutum ɗaya ne ya saye su bayan an gama cin moriyarsu, ya ɗora a manyan motoci, aka yi ɗaruruwan kilomita da su a kan kwalta.

Sunansa Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale a 1987. Kada a haɗa shi da takwaransa attajirin nan, ƙanin Shugaba John Dramani Mahama. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan Ibrahim ɗin zane ya karanta a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, inda ya yi digiri na farko ya gama a 2010, ya ƙara na biyu a 2013. Sai dai duk wanda ya ji an ce mai zane ya zaci buroshi da fenti da hoton da za a rataya a falo, to ya yi nisa da gaskiya. Kayan aikin Mahama su ne buhun da ya gaji, da kujerar jirgin da ta karye, da akwatin mai gyaran takalmi, da rigar da gumi ya cinye wuyanta. Da su yake yin magana, kuma maganar tasa guda ce: abin da aka daɗe ana ce mana ci gaba, sau da yawa zagaye ne muke yi a wuri ɗaya, kuma shaidar hakan tana nan zube a bola da kango ga mai son gani.

Rayuwar buhu

Na tashi a gaban kawuna, ɗan kasuwar hatsi, don haka na san buhun algarara tun ban san karatu ba. Sabo yana da wani wari nasa mai kama da na mai, ga kaushi, ga tauri. In ya sha dako sai ya yi laushi, bakinsa ya fara zarewa. Ba a yar da shi. A ɗauko basilla da zare a yi masa faci da gutsuren wani buhun da ya riga shi mutuwa. Kowane ɗan kasuwa yana da alamarsa da yake rubutawa da shuɗi ko jan fenti, don kada kaya su cakuɗe a mota: wani harafi biyu, wani zobe da gicciye, wani sunan ƙauyensu. In buhu ya sauya hannu, sabon mai shi ya soke tsohuwar alama ya rubuta tasa a ƙasa. Kafin buhu ya ƙare, za ka iya karanta tarihinsa a jikinsa, ka san hannu nawa ya ratsa.

Wannan karatun ne Mahama ya mayar sana'a. Buhunan da yake aiki da su ba a Gana ake saƙa su ba. Daga Indiya da Bangaladash ake kawo su, inda ake noman tsiron da ake samun zarensu, wanda ɗan'uwan lalon da muke miya da shi ne. Hukumar koko ta Gana ce ke sayo su, a buga musu hatimi mai cewa amfanin ƙasar Gana ne, a zuba musu 'ya'yan koko kilo 64, a kai bakin teku. Daga nan koko ya kama hanyar Turai da Amurka, inda za a mayar da shi cakulan a sayar da tsada. Buhu kuwa sai ya faɗa kasuwa. Ya ɗauki masara, ya ɗauki shinkafa, ya ɗauki wake, har ya kai matakin ƙarshe, wato gawayi. Buhun da ya ɗauki gawayi ya gama yawo. Ya yi baƙi, ya yi raga-raga, babu mai zuba abinci a cikinsa kuma.

A daidai wannan gaɓar Mahama yake zuwa. Yakan sayi sababbin buhuna ya bi kasuwanni yana musaya: ga sabo, ba ni tsohonka. Ya sha faɗa a hirarraki cewa tunanin ya zo masa ne a kan iyakar Gana da Burkina Faso, inda ya ga motocin kaya maƙare da buhuna suna wucewa, mutane kuwa an tsare su ana ta binciken takardu. Kaya suna da 'yancin da mai ɗaukar su ba shi da shi.

Sai ya tara mutane a tsofaffin tashoshi da kasuwanni da farfajiyar gidaje, a shimfiɗa buhunan a ƙasa, a yi ta ɗinki da hannu har su zama wani makeken mayafi da zai iya rufe bene. Ya fara da rufe tulin gawayi a kasuwar Malam Atta da ke Akra. A 2016 ya lulluɓe Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa, wanda 'yan Sin suka gina aka buɗe a 1992, ginin da ake nuna wa baƙi don su san Akra ta waye. Rana ɗaya aka wayi gari fararen bangayensa sun ɓace a ƙarƙashin tsumman 'yan gawayi.

Duniya ta san shi ne a 2015. A waccan shekarar Okwui Enwezor, ɗan Najeriya haifaffen Kalaba, ya zama ɗan Afirka na farko da ya jagoranci babban baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya, wanda ake yi duk bayan shekara biyu tun 1895. Shi ya gayyaci Mahama, lokacin bai kai shekara talatin ba. Aka ba shi wani dogon lungu tsakanin bangaye biyu masu tsawo a tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta birnin, ya rufe su da buhuna daga sama har ƙasa. Masu kuɗin duniya da suka zo kallon fasaha dole suka ratsa ta tsakiyar warin gawayi da gumi. Bayan nan ya rufe tsofaffin gidajen gadi na ƙofar birnin Kassel a Jamus a 2017, sannan a 2019 ya rufe gine-gine biyu na wata tsohuwar ƙofar Milan, inda a da ake karɓar harajin kayan da ke shiga gari. Duba irin wuraren da yake zaɓa: ma'aikatar jirgin ruwa, ƙofar gari, wurin karɓar haraji. Duk mashigai ne da ake tantance wa zai wuce, wa zai tsaya.

Akan kwatanta shi da Christo da matarsa Jeanne-Claude, waɗanda suka naɗe majalisar dokokin Jamus da ƙyalle a 1995. Ni ban ga haɗin ba sai a ido. Su sabon yadi suka sa aka saƙa musu, mai sheƙi, don gini ya yi kyau. Shi kuwa yadinsa ya riga ya yi rayuwa, kuma ba ado yake yi wa gini ba, tona masa asiri yake yi. Yana tambayar ginin ne: da gumin wa aka tsayar da kai?

Hannun da ya yi ɗinkin

Amsar wannan tambaya tana kai mu ga batun asali, wato wane ne ɗan ƙasa, wane ne bare. A zamanin mulkin mallaka Turawa sun ɗauki arewacin Gana a matsayin rumbun leburori. Makarantu da hanyoyi da asibitoci suka taru a kudu, inda zinariya da koko da katako suke. Aikin arewa shi ne ta turo majiya ƙarfi su shiga rami, su yi sharar gona, su yi ɗamarar soja da ta ɗan sanda. Dalilin da ya sa dogo ya tsaya a Kumasi ke nan: ba don ɗaukar mutane aka yi shi ba, don jan arziki zuwa bakin teku aka yi shi.

An sami 'yanci a 1957, amma wannan hanyar ba ta juya ba. Har gobe 'yan mata daga arewa suna gangarowa Akra da Kumasi su yi dako a kasuwa, da daro a ka, ana kiransu kayaye. Da yawansu a bakin shaguna suke kwana. Irin waɗannan mata da sauran 'yan ci-rani ne Mahama ya yi ta ɗauka aikin ɗinkin buhunansa. A 2025, a birnin Biyana na Ostiriya, ya fito da maganar fili ba kwana-kwana: ya ɗauko ƙwarangwal ɗin kan jirgin ƙasa ya ɗora shi a kan tarin tsofaffin darurrukan 'yan dako, waɗanda su ma musayarsu ya yi da sababbi. A gefe ya jera hotunan ƙashin bayan matan, yadda nauyi ya tanƙwara shi. Ba ka buƙatar digiri kafin ka fahimci wannan. Jirgi ne ya kamata ya ɗauke wa mutum kaya. A nan mutum ne yake ɗauke da jirgi.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan labari. Tun kafin Bature ya zo, fatake suke takawa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro, kuma Salaga, babbar kasuwarsu, tana kudu maso gabas da Tamale. Zango-zangon da ke biranen Gana yau jikokin wannan tafiya ne. Amma a 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adi su fice, dubban ɗaruruwa suka kwashe komatsansu, ciki har da waɗanda a can aka yanke musu cibi. Shekara goma sha huɗu bayan haka, a 1983, Najeriya ta rama, ta kori baƙi, ciki da 'yan Gana wajen miliyan ɗaya, har jakar da suka zuba kayansu ta samo sunan da muke kiranta da shi yau. Wanda ya kora jiya shi aka kora yau, kuma kowane karo dalilin ɗaya ne: tattalin arziki ya karye, ana neman wanda za a ɗora wa laifi.

A 2024 Mahama ya ajiye buhu ya ɗauki riga. Cibiyar fasaha ta Barbican a Landan, wani jibgegen ginin kankare mai launin toka, ta wayi gari sanye da yadi mai ruwan hoda da shunayya, faɗinsa wajen murabba'in mita 2,000. A Tamale aka saƙa shi sirara-sirara a masaƙar hannu, ɗaruruwan masu sana'a suka haɗa shi a filin wasa na Aliu Mahama, don babu wani ɗaki da zai ɗauke shi. A jikin yadin aka ɗinka tsofaffin batakari kimanin ɗari, wato rigar saƙin nan ta mutanen arewacin Gana, waɗanda ya karɓo daga iyalai ta hanyar musaya. Wasu an gaje su ne daga kakanni, da tabon gumi da na magani a jikinsu. Ya ara wa aikin sunan littafin Chimamanda Ngozi Adichie, Purple Hibiscus. Unguwar da Barbican take a da ta 'yan yadi da tela ce, kafin bama-baman Jamus su ƙone ta a 1940. Ita kuwa batakari, ita ce rigar da Kwame Nkrumah da abokan gwagwarmayarsa suka sa a daren 6 ga Maris 1957 da suka yi shelar 'yanci. Shugaban ɗan kudu ne, amma rigar arewa ya zaɓa don ya nuna ƙasa ɗaya ce. Rigar ta hau mumbari. Masu saƙa ta har yau suna jiran rabonsu.

Majalisar da babu kowa

A cikin ayyukansa, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya kafa a gidan fasaha na Whitworth a birnin Mancesta a 2019, ya kira shi Parliament of Ghosts, wato Majalisar Fatalwowi. Ya tattaro kujeru 120 daga matattun taragan jirgin ƙasan Gana, na masu ƙaramin tikiti, ya jera su hawa-hawa suna fuskantar juna kamar zauren majalisar dokoki. Kujerun duk sun goge, wasu sun tsage, wasu an yi musu rubutu da ƙusa. Kewaye da su ga tsofaffin kabad na ma'aikata, ga takardun ofis da asu ya fara ci, ga littattafan 'yan makaranta, ga hotunan leburori. Babu shugaban majalisa, babu sanda. Duk wanda ya shigo yana iya zama, kuma a ciki aka riƙa yin lacca da muhawara.

Zaɓen garin ma da gangan ne. Daga masana'antun Ingila aka riƙa ƙero jiragen da ƙarafan dogon. Kuma a Mancesta ɗin ne, a Oktoban 1945, aka yi babban taro na biyar na 'yan kishin Afirka, inda saurayi Kwame Nkrumah yake cikin masu shirya taron, tare da irin su Jomo Kenyatta. A can aka yi alkawarin 'yanci; shekara saba'in da huɗu bayan haka ɗan Tamale ya kawo musu kujerun da alkawarin ya bari.

Ma'aikatan jirgin ƙasa na Sekondi da Takoradi suna cikin waɗanda suka riƙe wa Nkrumah wuta a yajin aikin 1950 da ya girgiza Turawa. A 1961 su ɗin dai suka sake yajin aiki, wannan karon a kan gwamnatin Nkrumah, saboda tsadar rayuwa da kuɗin da ake yanka a albashinsu, aka kuma kama shugabanninsu. Mai mulki ya sauya fata, kukan lebura bai sauya ba. Fatalwowin da Mahama yake nufi ke nan: mutanen da aka yi ginin da su, aka kuma manta da su ranar buɗe shi.

Rumbun Nkrumah

Ba za a fahimci Mahama ba sai an fahimci girman burin da Gana ta yi. Tun wajen 1911 har zamanin Nkrumah ƙasar ce kan gaba a duniya wajen noman koko, kuma da kuɗinsa Nkrumah ya yi niyyar tsallake shekaru ɗari a cikin goma. Ya gina tashar jiragen ruwa ta Tema, ya gina madatsar Akosombo, ya kafa masana'antu da makarantu. Ya kuma sa aka fara gina manya-manyan rumbunan kankare a sassan ƙasar, don a adana koko da hatsi, a daina sayarwa da araha a kaka saboda rashin wurin ajiya. Tunani ne mai kyau: wanda yake da rumbu shi yake yanka farashi.

Sai farashin koko ya faɗi warwas a 1965. Bashi ya taru, kaya suka yi wuya a kanti. A Janairun 1966 aka buɗe Akosombo da kiɗa da rawa. Ranar 24 ga Fabrairu, Nkrumah yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, soja da 'yan sanda suka kifar da shi. Aka watsar da rumbunan yadda suke, wasu ko ƙwaya ɗaya ba a taɓa zubawa a ciki ba. A shekarar ce Gana ta fara zuwa wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Aka sake juyin mulki a 1972, da 1978, da 1979, da 1981. Aka yi tsuke bakin aljihu a 1983, aka sami yafiyar bashi a farkon shekarun 2000, aka fara haƙo mai a 2010 aka ce an rabu da wahala. A Disamban 2022 ƙasar ta kasa biyan bashinta na waje, a 2023 ta koma wurin Asusun karo na 17, ta karɓo rancen dala biliyan uku. A 2024 tan ɗin koko ya haura dala dubu goma a kasuwar duniya, farashin da ba a taɓa gani ba, amma manomin da ya shuka shi kaso kaɗan ya gani, wasu ma suna sayar da gonakinsu ga masu haƙar zinariya ta bayan fage. Wannan shi Bahaushe yake kira ci gaban mai haƙan rijiya: ana ta aiki, ana ta zufa, ana ta yin ƙasa.

Ɗaya daga cikin waɗancan rumbuna yana Tamale. Ya shafe fiye da shekara hamsin a yashe, ƙasa da shara da ruwa suka cika cikinsa, mutanen unguwa suna ta ƙirƙira masa labarai. Mahama ya saye shi, ya sa aka yashe, aka buɗe shi ga jama'a a 2021 da sunan Nkrumah Voli-ni. Da aka shiga sai aka tarar jemagu sun mayar da shi gida. Wani da feshi zai fara. Shi ya ce a bar su, ai sun riga kowa tarewa, kuma su kaɗai ne suka ci moriyar ginin tun da aka yi shi. A shekarar ya kai wani nuni Landan mai suna Lazarus, sunan mutumin da Linjila ta ce an tashe shi daga kabari, inda ya rataya manyan siffofi masu kama da fukafukan jemage, waɗanda ya ƙera da rodi da tsohon tamfol mai maiƙo.

A nan ne na ga Mahama ya bambanta da masu kukan baya. Bai ce zamanin Nkrumah aljanna ba ne, bai kuma ce shirme ba ne. Yana kallon kango a matsayin aikin da ba a gama ba, wanda har yanzu ana iya ɗorawa a kai, ko da ba don abin da aka nufa da farko ba.

Ina kuɗin suke zuwa?

Akwai ƙorafi, kuma bai kamata a share shi ba. Buhun da bai kai kuɗin kwanon masara ba, in ya ratsa hannun Mahama ya shiga gidajen fasaha na Landan, sai ya zama kayan dubban daloli, attajiri ya saya ya rataya. Masu suka suna cewa to mene ne bambancinsa da koko? Ɗanyen kaya daga Gana, gumin talaka, riba a Turai. Har ma suna ƙarawa da cewa Turawa suna son ganin tsumman Afirka, don ya dace da hoton da suka riga suka zana mata a zuci. Kuma sunan mutum ɗaya ne a jikin allo, ba na matan da suka yi ɗinkin ba.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba na jin akwai amsar baki da za ta kashe ta. Amsar da Mahama ya bayar ta aiki ce. Kuɗin da ya samu bai gina gida a Landan ya tare ba. Tamale ya mayar da su. A 2019 ya buɗe cibiyar fasahar zamani ta Savannah, wadda ta fara da baje ayyukan dattawan masu zanen Gana da aka fara mantawa da su. A 2020 ya buɗe Red Clay, wani faffadan fili mai manyan zaurukan jan bulo a wajen gari. Can ne jiragen saman suke, an cire kujerun wasu an mayar da su azuzuwa. Can ne taragan suke. Can kuma ya sake gina Majalisar Fatalwowi ta dindindin. Shiga kyauta ne. Yaron ƙauyen da bai taɓa zuwa filin jirgi ba yana hawa matakala ya zauna a kujerar matuƙi, ya taɓa maɓallai da hannunsa. Ko wannan ya biya matan da suka yi ɗinki hakkinsu duka, tambaya ce da ya kamata a ci gaba da yi masa. Amma a tarihin kayan da suka bar Gana zuwa Turai, ba kasafai ribar take komowa arewa ba, balle ta komo a matsayin makaranta.

Yana da magabata a wannan hanya. El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar a Jami'ar Najeriya ta Nsukka tun 1975, ya yi suna da ɗinka murafan kwalabe da wayar tagulla su zama kamar zanen sarauta. Malaman Mahama a Kumasi kuma sun daɗe suna tura ɗalibansu su bar ɗakin nuni su kai aikinsu kasuwa da tasha. Abin da ya ƙara shi ne girma, da kuma nacin cewa fasahar da aka yi da kayan talaka dole talaka ya gan ta a garinsu ba tare da biza ba.

Namu kangon

Mai karatu a Kano ko Kaduna ba sai an yi masa dogon bayani ba. Dalar gyaɗa da muke alfahari da hotonta, da irin wannan buhun aka gina ta, kuma Alhassan Ɗantata da ya yi fice a cinikinta ya fara ne da fataucin goro a hanyar Gwanja. Dalar ba gini ba ce, kaya ne da ke jiran jirgi ya kwashe su zuwa Legas, daga nan sai Turai. Da gyaɗa ta ja baya aka koma mai, filin ya zama fayau, ko buhu ɗaya ba mu ajiye ba. Masaƙun Kakuri a Kaduna, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957, sun ciyar da dubban gidaje. Yau yawancinsu kwano ne mai tsatsa da ciyawa. Tsofaffin tashoshin jirgi, da injinan gurzar auduga, da rumbunan gwamnati, ɗaya bayan ɗaya 'yan gwangwan suna yanka su suna aunawa a sikeli.

Duk ƙarfen da aka auna aka narkar, shaida ce ta tafi. Al'ummar da ba ta ajiye shaidar alkawuran da aka saɓa mata ba, kowane sabon mai mulki zai zo ya sake yi mata alkawarin, ya aza harsashi kusa da na wanda ya gabace shi, ta kuma yi masa tafi kamar yau aka fara. Ba sai mun kai kayanmu Benis ba. Abin da ake buƙata shi ne gwamnatocin jihohi da jami'o'i da masu hannu da shuni su ware ko da masaƙa ɗaya, da tasha ɗaya, a hana taɓa su, a gyara rufinsu, a tattara takardu da hotuna da kayan aikin da suka rage, a ɗauki muryar tsofaffin ma'aikata tun suna raye, a buɗe wa 'yan makaranta kyauta. Masu zanenmu da ke fitowa daga Zariya da sauran makarantu kuma su leƙa bayan gari, kayan aiki suna can jibge. Waiwaye adon tafiya ne, amma ga wanda ya daɗe yana zagaye wuri ɗaya ya wuce ado, ya zama dole.